Baba Sai-Ta-Tashi Ya Je Sayen Kwamfuta

An kai ƙarata. Da ma wurin dattawan ikkilisiya aka kai, da na san yadda zan kare kaina. Wurin matata aka kai. An ce wai misalaina duk na tumaki ne da rumbu, wai ni mutumin jiya ne, ban san inda duniya ta sa gaba ba. Wanda ya faɗa ya san kansa. Kusa da taga yake zama a ajinmu na manya, kuma ban taɓa kai tsakiyar darasi idonsa biyu ba. Ni da ake zuwa daga ƙauyukan kewaye don a ji yadda nake warware magana. Ban yi fushi ba. Na dai ƙi cin abinci har zuwa lokacin da aka sauke tukunya.

To, yau ga misali da kwamfuta a ciki. Ba don mai taga kaɗai ba. Makonnin nan duk bayan sujada ina jin mazanmu a gindin mangwaro suna gardama, wasu na cewa a sayi kwamfuta yanzu, wasu na cewa a dakata, akwai sabuwar babbar manhaja da ke tafe. Ba wanda ya tambaye ni, ina tsaye a wurin. Duk da haka zan ba da amsa.

A wata ƙasa mai duwatsu da jar ƙasa, inda citta ke yi, akwai wani mutum manomi. Yana da mata, sunanta Damaris, da 'ya budurwa, sunanta Afiniki.

Kun san yadda ake yi da citta. A tono, a tsaga, a shanya a kan dutse, a ɗura a buhu. Daidai lokacin nan ne manyan motoci ke shigowa gari, 'yan kasuwa su sauko da fara'a, su ce yau ce ranar sayarwa, gobe farashi zai faɗi. Kowa kuma ga Kirsimeti a gabansa, ga ɗinkin yara, ga shinkafa, sai a sayar. Shi wannan mutum ba ya sayarwa. Yakan jera buhunansa a ɗaki a bisa katako, ya kulle, ya rataya makulli a wuya. Duk wanda ya zo tayi, amsarsa ɗaya ce: sai ta tashi. Maƙwabta su yi masa dariya, matarsa ta yi ta ƙorafi, shi ko a jikinsa. Can kuma sai citta ta ƙare a hannun mutane, 'yan kasuwar nan su dawo suna sallama a ƙofarsa da murya ƙasa-ƙasa. Busasshiyar citta ba ta fushi da mai ita. In ka ba ta ɗaki mai iska, za ta zauna ta jira ka.

Da haka ya rufe gidansa da kwano, ya sayi mashin, ya sa sola a rufi. Har sunansa na baftisma ya ɓace, manya da yara suka koma kiransa Baba Sai-Ta-Tashi. Yana son sunan. In aka kira shi da shi, sai ya gyara zaman hularsa.

Afiniki kuwa Allah ya ba ta kai. Karatun haɗa magunguna take so, malamanta kuma sun ce za ta iya. Abin da ya rage mata shi ne jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi sau ɗaya a shekara, wajen farkon damina. Jarrabawar nan ba da biro da takarda ake yin ta ba. A gaban kwamfuta ake zama, tambaya ta fito, ka zaɓi amsa, agogo yana gudu a kusurwa. Afiniki ba ta taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. A makarantarsu akwai guda ɗaya, a ofis, lulluɓe da zane, daga bakin ƙofa ake nuna musu ita. Ta san sunan kowane sashe nata a littafi, ta iya zana ta da kyau. Taɓawa ce dai babu.

Kada wani ya ce mutumin nan ba ya son 'yarsa. Ranar godiyar kaka, bayan an tashi, ya tsaya a tsakiyar maza ya ce Afiniki ba za ta shiga jarrabawa hannu baƙo ba, kwamfuta zai saya mata tata ta kanta, ta koya a falon ubanta. Ya kuma yi abin da bai taɓa yi ba: ya buɗe ɗakin citta tun kafin Kirsimeti, ya fitar da buhuna ya sayar a farashin kowa. Gari ya ɗauka. Ya sa kafinta ya haɗa ɗan tebur, aka ajiye a kusurwar falo kusa da wayar wuta. Sa'an nan ya hau mashin ya nufi birni, da sabuwar roba ta ɗaure kaya.

Mai shagon da ya shiga mutumin kirki ne. Ya ji buƙata, ya sauko da wata kwamfuta, ya kunna, ya nuna masa yadda yarinya za ta riƙa gwada tambayoyi a kai. Ta yi wa manomi. Suka daidaita. Hannunsa har ya shiga aljihu, sai ya yi tambayar da ya saba yi wa duk direban da ya fito daga babbar kasuwa.

"Wannan ita ce ta ƙarshe, ko akwai wata a hanya?"

Da mai shago maƙaryaci ne, da misalin nan ya ƙare a nan, da kun tafi gida da wuri. Sai ya faɗi gaskiya. Ya ce ita na'urar ba ta da aibu, amma akwai babbar manhaja a cikinta, wadda ita ce ke tafiyar da komai, kuma masu yin ta sun ce sabuwa tana nan tafe. Ba a sa rana ba. Wasu na cewa bayan sabuwar shekara, wasu na cewa sai bayan Ista. Ya ce in ta fito, mai yiwuwa a iya ɗora ta a kan wannan ɗin.

"Mai yiwuwa," in ji manomi.

"Mai yiwuwa, Baba, ba zan rantse maka ba. Amma abin da yarinya ke buƙata hannunta ya saba ne. Wannan ta isa har ta yi yawa. Ka ɗauka yau."

Yau. Shekara da shekaru manomin nan yana jin kalmar nan a bakin 'yan kasuwa, kuma duk arzikinsa daga ƙin ta ya same shi. Sai ya yi ɗan murmushin da yake yi wa masu manyan motoci, ya zaro hannunsa daga aljihu a hankali, ya ce zai dawo.

Da Afiniki ta ji ƙarar mashin, ta fito da gudu. Ta dubi bayan mashin, ta ga roba a naɗe. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa. Ya zauna ya yi musu bayani dalla-dalla, ya ce saura ƙiris a sayar masa da tsohon yayi, Allah ya sa shi ba a yi masa wayo. Ya ce ko da wata ɗaya ne za a jira, gara a jira a sami na gaske. Damaris ta tambaya ko tsohuwar ba ta rubutu ne. Ya ce tana yi. Ta tambaya ko ba ta nuna tambayoyi. Ya ce tana nunawa. Ta ce to, ta tashi ta shiga kicin.

Daga ranar nan mutumin nan bai sake zama wuri ɗaya ba. Shi da yake kulle citta ya kwanta ya yi minshari, sai ga shi ba ya iya gama kwanon tuwo a zaune. A garin nasu ba a samun sabis ɗin waya sai an hau wani dutse a bayan makaranta. Kullum yana kan dutsen nan, waya a sama, yana juyawa gabas da yamma, yana kiran mai shago. Ta fito? Ba ta fito ba. Ya sauko. Kafin ya kai gida ya tuna bai tambayi ko an sa rana ba, ya koma. Ya tare ɗan bautar ƙasa a hanya ya tambaye shi, ya tare direba, ya tare baƙon mai wa'azi tun bai cire takalmi ba. Wannan ya ce a jira, wancan ya ce a saya, shi kuma wanda ya ce a jira kaɗai yake ji, amma jin bai ba shi barci ba.

Kirsimeti ta zo ta wuce. Sabuwar shekara ta shigo. Duk ranar kasuwa yana birni, ya tsaya a shagon, ya shafa kwamfutar nan, ya sa a kunna masa, ya sa a kashe. Wata rana har ya ce a sa ta a kwali. Aka sa, aka fito da ita, ya ɗora a mashin, ya ja roba. Yana cikin ɗaurewa sai ya hango kansa a gindin mangwaro, sabuwa ta fito, maza suna tambayarsa wace iri ya saya, wani yana cewa ashe Sai-Ta-Tashi ma ana yi masa wayo. Ya kwance. Mai shago ya mayar da ita kan kantar shagon.

Damaris ta kawo shawara. Tana da ƙanwa a birni, kusa da gidan akwai wurin da ake koya wa yara kwamfuta. Afiniki ta je ta yi ɗan lokaci a can, in sabuwar ta zo sai ta dawo. Ya ce sam. Ya ce hannun da ya saba da tsohuwa zai rikice in ya hau sabuwa. Ya ce kuma da wane ido zai kalli mutanen da ya yi magana a gabansu, a ce 'yarsa tana bin layi a shagon wani.

"Baban Afiniki, su masu jarrabawar ka gaya musu su ma su jira?"

"Ke ba ki san kasuwa ba."

"Ban san kasuwa ba. Na san yarinyar nan ta rage cin abinci."

Ya ce ai saura kaɗan. Ta ɗauki tulunta, ta ce, "To, Sai-Ta-Tashi, Allah ya tashe ta," ta fita. Tun aurensu ba ta taɓa kiransa da sunan nan ba, kuma wannan karon bai gyara hula ba.

Afiniki kuwa ta duƙufa kan littattafanta. Karatu take yi, safe da yamma, a gindin bishiya, a bakin murhu, a hanyar rafi. In tana tankaɗe, yatsunta suna bugun gefen rariya. In tana zaune a majami'a, ƙafarta tana rawa. Tana da ƙawa da ke zuwa hutu daga birni, ta yi ta tambayarta yadda abin yake. Ƙawar ta ce akwai wani ɗan abu a gefe da ake kira linzami, girmansa kamar sabulun wanka, ka ɗora tafi a kai ka tura, sai wata 'yar kibiya ta bi hannunka a fuskar kwamfutar, inda ka tsaya ka danna.

Wata rana da azahar manomi ya sauko daga dutse ya shiga falo. Ya tarar da 'yarsa zaune a gaban teburin nan da babu komai a kai, ta ɗora tafinta a kan sabulu, tana tura shi hagu da dama, idonta a kan bango, tana danna yatsa. Ba ta ji shigowarsa ba. Ya tsaya. Ya koma da baya. Bai ko sha ruwa ba ya tayar da mashin, ya ce a ransa yau ko me za a ce sai ya dawo da ita.

Da ya isa, mai shago ya tare shi da labari, domin ya san abin da kullum yake zuwa ji. Ya ce an sanar, sabuwar ta kusa, jim kaɗan bayan Ista za ta shigo. Nan take ya ga fuskar Baba ta canja, ya yi da-na-sanin buɗe baki, ya ƙara da cewa duk da haka shawararsa ba ta sake ba. Ina. Ku da kuka taɓa dogon jira kun sani. Mutum yana iya haƙura da abin da ba a san ranarsa ba, ya ce ya gaji. Amma a ce masa saura kaɗan, bayan duk hawan dutsen nan, ai ji zai yi in ya saya yanzu wahalarsa ta tafi a banza. Ya koma gida da robarsa.

Ista ta wuce. Aka yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi, mutane suka fara gyaran gonakin citta. Ranar jarrabawa ta zo.

Shi da kansa ya kai ta birni a mashin, da sassafe. A bakin ƙofar wurin ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a mai tsawo, ta shiga tare da sauran yara. Iyaye suka nemi inuwa suka zauna. Shi ya kasa. Ya zauna, ya tashi, ya zaga mashin, ya duba taya. Can ya ce bari ya ɗan leƙa shago.

Sai ga ta. A ranar nan sabuwar ta iso. Mai shago ya kunna masa sabuwar kwamfuta da sabuwar manhaja, kuma gaskiya abin ya yi kyau. Kafin ka ƙifta ta buɗe, rubutunta tar, komai a wurinsa. Ya saya, ya ɗaure, ya komo bakin ƙofa yana ji kamar ya yi waƙa. Ya ba iyayen da ke zaune labari tun daga farko, yadda aka so a sayar masa da tsohon yayi, yadda ya ƙi. Suka taso suka kewaye kwalin. Wani ya ce kai, wannan mutum ya iya haƙuri.

A ciki kuwa, Afiniki tana zaune a gaban kwamfuta karo na farko a rayuwarta. An yi musu bayani a tsaye, da sauri, ga ƙarar janareta. Aka ce a fara. Ta ɗora tafinta a kan linzami, ashe ba kamar sabulu yake ba. Ta ɗan taɓa, kibiya ta tsere can kusurwa ta ɓace. Ta jawo, ta wuce. Ta ɗaga abin sama ta girgiza, ba abin da ya motsa. Hagunta da damanta yara suna ta danne-danne. Kunya ta hana ta ɗaga hannu, ta yi ta kokawa ita kaɗai, gumi yana sauka. Da ta ɗaga, mai lura tana can nesa wurin wani. Matar ta zo daga baya, mai kirki ce, ta ɗora hannunta a kan na Afiniki ta nuna mata. Hannun ya fara ganewa. Tambayoyi suka fara wucewa, kuma duk wadda ta fito ta san ta, kamar mai hango 'yan gidansu ta tagar mota. Ta ƙara sauri, ta danna inda ba nan take nufi ba, ta koma ta gyara. Ta dubi kusurwa. Ba ta kai rabi ba fuskar kwamfutar ta rufe.

Yara suka fito suna surutu. Ita ta fito a hankali. Ubanta ya hango ta, ya ɗaga hannu, yana bubbuga kwali.

"Afiniki, zo ki gani. Ta iso. Sabuwar ce."

Ta zo ta dubi kwalin. Ta durƙusa ta ce, "Sannu, Baba. Allah ya saka."

"Yaya jarrabawar?"

"Na san amsoshin, Baba."

Ya jira ta ƙara. Ta miƙe ta gyara mayafinta.

Mashin ba shi da wurin mutum da kwali a lokaci ɗaya. Dole aka kwance kwalin, ta hau, ta rungume shi tsakaninta da bayan ubanta. Suna cikin tafiya hadari ya haɗu, aka fara yayyafi. Ta cire mayafinta ta rufe kwalin kada ya jiƙe. Haka suka isa gida.

Da sakamako ya fito, makinta bai kai ba. Waɗanda take koya wa lissafi a aji suka haɗa akwati suka tafi. Daminar nan Afiniki a gona ta yi ta, tana ɗaukar ganye tana rufe kunyoyin citta.

Na ga yadda kuka gyara zama, na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce sabuwar kwamfutar ta lalace, ko ɓarawo ya ɗauke, ko mako na zagayowa wata sabuwar ta sake fitowa, ku yi dariya ku huta. Ba zan faɗa ba. Lafiyarta ƙalau, ta kuma fi tsohuwar, kamar yadda ya ce. A kan kwamfuta mutumin nan yana da gaskiya. Wasu kuma, musamman ɓangaren zumuntar mata, kuna jira in ce da shekara ta zagayo Afiniki ta ci jarrabawar. Ban sani ba. Misalin a nan ya tsaya, kada a tare ni a hanya.

Ga abin da misalin nan yake nufi.

Manomin nan ni ne, kai ne, duk wanda Allah ya ba wata baiwa har mutane suka san shi da ita. Haƙurinsa ba ƙarya ba ne, shi ya rufe gidansa da kwano. Kuskurensa shi ne ya ɗauka duk abin da ke hannunsa citta ce. Akwai abin da in ka ajiye zai jira ka. Akwai abin da ba ya ajiyuwa: ƙuruciyar ɗanka, ƙarfin tsohuwarka, zuciyar da ta yi laushi yau tana neman sulhu. Afiniki ita ce waɗannan. Allah ya ba mu su da lokacinsu a manne, kuma ba a hannunmu ranar take ba.

Sabuwar manhaja ita ce ranar nan mafi kyau da muke hange. Ban ce ba ta zuwa ba. Sau da yawa tana zuwa, ta kuma fi ta yau. Za ka gina sabon gida mai ɗakin baƙi, gaskiya ne, kuma tsohuwarka za ta fi jin daɗinsa. Amma tana can ƙauye ita kaɗai tana ɗibar ruwa da gwiwa mai ciwo, kai kana jiran a gama filasta. Ka ɗauko ta, ta kwana a ɗakin yara. Wani ya ce sai ya daina abin da yake yi a ɓoye, ya tsarkaka tsaf, sa'an nan zai zo a yi masa baftisma. Ɗan'uwa, in kai za ka iya wanke kanka, me za ka zo nema? Akwai wanda ya bar ƙungiyar mawaƙa ya ce sai an kawo sabon fasto. An kawo. Yanzu yana jira ya ga halinsa.

Mai shago kuwa shi ne duk wanda ya faɗa maka gaskiya amma muryarsa ta yi kama da ta waɗanda suka taɓa cutarka. Manomin nan ya sha jin "yau" a bakin masu son su ci da guminsa, sai ya kasa gane ta da ta fito daga bakin mai gaskiya, ya kasa gane ta ko a bakin matarsa. Ba kowane mai ce maka yau ne yake da mota a bakin hanya ba. Ubangiji ma da yau yake kira.

Za ku ce, Malam, ashe ba a koya mana jira ba? An koya, ni ma na koyar, da kyau kuwa. Amma ku dubi mutumin nan. Lokacin da yake jiran citta barci yake yi, domin abin da ya kulle nasa ne, in an yi asara shi zai sha. Da ya koma jiran kwamfuta, sai hawan dutse da sauka. Mai jiran Allah yakan sami hutu ko abin bai zo ba tukuna. In kana cewa kana jira, amma ƙafarka ta kasa tsayawa, tuwo ya kasa wucewa, ka binciki abin. Mai yiwuwa zuciyarka ta riga ta san abin da ya kamata, kunyar gindin mangwaro ce ta riƙe ka. Sa'an nan ka tambayi kanka wa ke shan wahalar jiran. In kai ne, ka jira, Allah ya ba da lada. In wani ne, to daina kiran abin haƙurinka. Shi ne mai haƙurin.

Ku masu gardama, ga taku a fili. In kwamfutar da kake da ita tana aiki, ba kuma wanda aikinsa ya tsaya dominka, ka jira sabuwa, ba zunubi ba ne. In akwai aiki a ƙasa, ko yaro mai jarrabawa, ko matarka mai buga takardu da tata ta mutu, ka je ka tambayi mai shago ko wadda ke nan za ta yi aikin, ko kuma za ta iya ɗaukar sabuwar manhaja in ta fito. In ya ce za ta yi aikin, ka ɗauka, ka ɗaure, kada ka kwance. Wanda zai yi maka dariya ba shi zai zauna a gaban agogon ba.

Aikin gida na wannan mako ba haddar aya ba ne, kada ku yi murna. In an koma, an ci abinci, maigida ya tara mutanen gidansa, har da ƙaramin cikinsu, ya tambaye su abin da suke jira daga gare shi. Uwargida ma haka. Ka tambaya, ka rufe bakinka. Za a yi shiru, domin sun saba ce maka sannu, Allah ya saka. Ka ƙyale shirun ya yi tsawo har wani ya yi magana. In an faɗa, kada ka ce za ka sa abin a addu'a, ka daɗe kana sawa. Wanda zai yiwu yau, ka yi shi kafin rana ta faɗi. Wanda sai an buɗe shago, gobe Litinin ce.